Ƙugiya marar kunne: shin da gaske tana ceton kifin da aka mayar ruwa?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da dattawan wannan zaure. Ban daɗe da fara fatsa ta nishaɗi ba, kuma yawancin kifayen da nake kamawa mayar da su ruwa nake yi, ko dai saboda ba su kai girman da ya dace a ɗauka ba, ko kuma saboda tun farko ba don ci na fito ba. Abin da yake damuna shi ne halin da nake mayar da su a ciki. Sau da yawa ƙugiya takan kafe a leɓen kifin, in yi ta juyawa ina ja, kifin yana fafutika a hannuna, har sai da ƙyar ta fito da ɗan nama a jikinta. Idan na sake shi yakan yi iyo ya tafi, amma zuciyata ba ta natsuwa cewa zai rayu.

An ba ni shawarar in danne kunnen ƙugiyata, wato ɗan ƙarfen nan mai kallon baya da ke ƙasan tsini, wanda yake hana ta fita idan ta shiga. Wasu kuma sun ce in sayi wadda aka ƙera ba kunne tun daga masana'anta. Sai dai na ji wani gogaggen mai fatsa yana cewa duk wannan ɓata lokaci ne, domin kifin da zai mutu zai mutu ko da kunne ko babu, abin da kawai zan samu shi ne rabin kamuna ya riƙa suɓucewa kafin ya iso hannu.

Don haka nake neman a fahimtar da ni abu uku. Shin akwai hujja tabbatacciya cewa ƙugiya marar kunne tana rage mutuwar kifin da aka saki? Shin gaskiya ne kifi yana yawan kuɓucewa daga gare ta, kuma idan haka ne akwai dabarar rage hakan? Sannan idan mutum ya yanke shawarar danne kunnen da kansa, yaya ake yi ba tare da an lalata ƙugiyar ba? Allah ya saka da alheri.

Dattijon Fatsa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta mutumin da ya damu da abin da hannunsa yake aikatawa ce, kuma na ji daɗinta. Zan fara da ta ƙarshe domin ita ce mafi sauƙi.

Ka sami filaya mai dogon baki, wadda cikin bakinta sumul ne ba mai tsaga-tsaga ba, ka kama kunnen ka matse shi a hankali har ya kwanta a jikin ƙugiyar ko ya ɓalle. Ka yi wannan kafin ka ɗaura ƙugiyar a igiya, saboda ƙananan ƙugiyoyi masu siririn ƙarfe sukan karye a daidai wurin idan aka matsa da ƙarfi, kuma gara ta karye a hannunka da ta karye a bakin kifi. Idan ka gama, ka soka ta a cikin ƙyallen auduga ka zaro. Idan ta fito ba ta jawo zare ba, aiki ya yi, idan kuwa ta kama zare, to akwai sauran kaifi, sai ka sake matsewa ko ka goge da ƙaramin magagari. Wani ɗan tudu yakan rage a wurin da kunnen ya kwanta, kuma ni ban ɗauke shi aibi ba, domin yana ɗan taimakawa wajen riƙe kifi ba tare da ya yaga nama a lokacin fita ba. Waɗanda aka ƙera ba kunne sun fi tsafta, kuma masu ƙera su sukan tsawaita tsinin, su ɗan karkato shi ciki don ya maye gurbin riƙon da aka rasa, amma ba sai ka zubar da waɗanda kake da su ba.

Game da kuɓucewa, ba zan ɓoye maka ba, kifi yana kuɓucewa fiye da da, musamman a farkon sabonka da ita, kuma musamman irin kifayen da suke tsalle sama suna girgiza kai. Amma ka lura da lokacin da hakan yake faruwa: kusan kullum a daidai lokacin da igiya ta yi sako-sako ne. Ƙugiya mai kunne tana yafe wa mai fatsa sakacinsa, marar kunne kuwa ba ta yafewa. Muddin igiyarka tana ɗame, sandarka kuma tana tanƙware tana ɗaukar fizgar kifin, ƙugiyar ba ta da hanyar fita. Idan kifin ya nufo ka da gudu, ka naɗe igiya da sauri don kada ta saki. Idan ya yi tsalle, kada ka ɗaga sandar sama da ƙarfi, ka kwantar da ita gefe kana riƙe da ɗamewar. Mafi yawan kifayen da ake rasawa ana rasa su ne a taku biyu na ƙarshe, lokacin da mutum ya sassauta hannu ɗaya don ya ɗauko koma, saboda haka ka ajiye komarka kusa tun kafin kifi ya ci.

Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba. Kunne yana ƙara wa tsini kauri, saboda haka ana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ƙugiya mai kunne ta nutse har lanƙwasarta, kuma sau da yawa takan tsaya rabi, kifin yana rataye a kan tsini kaɗai. Marar kunne tana shiga har ƙarshe da ɗan ja kaɗan, musamman a kifi mai taurin baki. Wani ɓangare na abin da ka rasa a riƙo kana samun sa a wurin shiga. A gasar duniya ta fatsa da ƙwaron ɗauri, wato koton da ake haɗawa da zare da gashin tsuntsu, ƙugiya marar kunne ce doka ta tanada, kuma masu gasar mutane ne da kowane kifi ɗaya maki ne a gare su.

Amsata ga tambayarka ta farko daga abin da idona ya gani ne, ba daga littafi ba. Da marar kunne ina iya zare ƙugiya kifin yana cikin ruwa ban ma ɗaga shi ba: in kama gindinta da filaya, in juya ta baya ta hanyar da ta shiga, shi ke nan. Ramin da take bari ƙarami ne, ba ya zubar da jini sosai, leɓe kuma ba ya yagewa. Na sha kama kifaye a ruwan da ake yawan fatsa waɗanda bakinsu ya karkace ko wani sashen leɓensu ya tafi, kuma ba na shakkar abin da ya yi musu haka.

Malama Mai Nazarin Kifi ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa game da dabara haka yake, kuma ni ma marar kunne nake amfani da ita. Amma ina so in yi wa mutumin da ɗan'uwanmu ya ambata adalci, domin maganarsa ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba, kuma ina tsoron kada mai tambaya ya danne kunnen ƙugiyarsa ya ɗauka cewa ya gama sauke nauyin da ke kansa.

A shekarar 1997 wasu masu bincike biyu a jihar Aidaho ta Amurka, Schill da Scarpella, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a baya kan kifin tirawut, wani kifin ruwan sanyi, suka kwatanta mutuwar kifi bayan saki. A fatsa da koton ƙarya, wato ƙwaron ɗauri da na ƙarfe ko roba, matsakaicin mutuwa ya kasance kashi 4.5 cikin 100 da ƙugiya mai kunne, da kashi 4.2 cikin 100 da marar kunne. Wannan bambanci ƙanƙane ne ƙwarai, har suka kammala da cewa tilasta wa mutane marar kunne batu ne na ra'ayin jama'a fiye da na kare yawan kifi a ruwa. Kafin su, a 1992, Taylor da White sun yi irin wannan tattarawa suka ga cewa marar kunne tana da fifiko, don haka masana kansu ba bakinsu ɗaya ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne cewa marar kunne tana rage rauni da tsawon lokacin cirewa, kamar yadda binciken Meka na 2004 a kogin Alagnak na Alaska ya nuna, amma tasirinta kai tsaye a kan mutuwa bai kai yadda masu sonta suke zato ba.

A kan kuɓucewa ma akwai ƙididdiga. Binciken Bloom na 2013 a Kalifoniya ya gano cewa masu fatsa da ƙwaron ɗauri sun kawo kashi 76 cikin 100 na kifayen da suka ci ƙugiya mai kunne zuwa hannu, da kashi 63 cikin 100 na waɗanda suka ci marar kunne. Wannan asara ce ta gaske, amma ta yi nisa da rabin kamu da aka tsorata ka da shi.

To, mene ne yake kashe kifin da aka saki? A 2005 Bartholomew da Bohnsack sun duba ɗimbin bincike kan nau'o'in kifi daban-daban na ruwan daɗi da na teku, suka sami matsakaicin mutuwa kashi 18 cikin 100, amma tazarar ta kama daga sifili har zuwa kashi 95, kuma abin da ya fi komai tasiri shi ne wurin da ƙugiya ta kama. Kifin da aka kama a leɓe ko a kusurwar baki yawanci yana rayuwa, da kunne ko babu. Wanda ƙugiya ta kai maƙogwaronsa, ko cikinsa, ko jajayen gaɓoɓin numfashin nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa, shi ne yake cikin haɗari, domin zuciyarsa da manyan jijiyoyin jininsa suna daf da wurin.

Sai kuma iska. Gaɓoɓin numfashin kifi siraran ganyayyaki ne da ruwa yake riƙe su a buɗe. Da zarar an ɗaga shi sama sai su manne da juna, musayar iskar oksijin ta tsaya, kuma wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da ya fi buƙatarta, bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a kokawa, sinadarin laktik ya taru a tsokarsa. A gwajin Ferguson da Tufts na 1992 a Kanada, an gajiyar da kifin tirawut, sannan aka duba bayan awa 12: waɗanda ba a fitar daga ruwa ba kashi 88 cikin 100 suka rayu, waɗanda aka riƙe a iska na sakan 30 kashi 62, waɗanda aka riƙe na sakan 60 kuwa kashi 28 kacal. Wannan gwajin ɗakin bincike ne a kan kifayen da suka riga suka sha wahala, kuma binciken da aka yi daga baya a koguna ya nuna illa mai sauƙi fiye da haka, amma alƙiblar ba ta sauya ba: kowane sakan a wajen ruwa nauyi ne a kan kifi. A nan ne nake ganin ainihin darajar ƙugiya marar kunne take. Ba ramin da take bari ne babban abu ba, lokacin da take ragewa ne, da matsar da take hana hannu ya yi wa cikin kifi yayin da ake kokawar cirewa. Wanda ya zare ƙugiya cikin sakan uku sannan ya riƙe kifin minti biyu yana ɗaukar hoto, ya gudu ne bai tsira ba.

Zafin ruwa ma yana cikin lissafi. Ruwan daɗi mai digiri 10 a ma'aunin Selshiyas yana iya riƙe kusan miligiram 11 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa bai kai miligiram 8 ba, alhali buƙatar jikin kifi tana ƙaruwa da zafi. Shi ya sa masu kamun tirawut suke dakatawa idan ruwa ya kai wajen digiri 20. Kifayen ruwan ɗumi irin su tarwaɗa da karfasa sun fi juriya nesa ba kusa ba, amma su ma a tsakiyar zafi, a ruwa marar gudu, doguwar kokawa tana galabaitar da su. Ka yi amfani da igiya mai ƙarfin da zai ba ka damar kawo kifi da wuri, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da yake kare fatarsa daga cuta, kada ka kwantar da shi a busasshiyar ƙasa, kuma kada yatsa ya shiga gaɓoɓin numfashinsa.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Baba da Malama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Bayanin Malama ya taɓo ainihin matsalata, domin ni da tana, wato tsutsar ƙasa, da ƙananan yankan kifi nake fatsa, ba da koton ƙarya ba, kuma kifayen da suka fi tayar mini da hankali su ne waɗanda suka haɗiye ƙugiyar har ba na ganin komai sai igiya tana fitowa daga maƙogwaro. A irin wannan hali, shin rashin kunne yana nufin zan iya zaro ta lafiya, ko kuwa akwai abin da ya fi dacewa? Sannan ina tunanin tana za ta riƙa zamewa daga ƙugiyar da ba ta da kunne tun kafin ta kai ƙasan ruwa. Yaya masu fatsa da koto na gaske suke magance wannan?

Mai Kwale-kwale ya amsa:

Ɗan'uwa, tunda da koto na gaske kake fatsa, to maganar kunne ta zama ta biyu a wurinka, ta farko ita ce siffar ƙugiyar da kuma lokacin da kake fizga. Kifi yakan tofar da koton roba ko na ƙarfe da zarar ya ji ba abinci ba ne, shi ya sa yawanci a leɓe ake kama shi, amma tana da nama haɗiye su yake yi, kuma duk sakan ɗin da ka ƙara kana jira ya ci sosai, ƙugiyar tana ƙara gangarawa ciki. Ka riƙe igiyarka a ɗame yadda za ka ji taɓin farko, kada ka kafa sanda ka tafi wani wuri, kuma ka ɗan ƙara girman ƙugiya don ƙananan kifaye su kasa haɗiye ta.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ƙugiyar zobe, wadda tsininta ya lanƙwaso ciki yana kallon jikinta maimakon ya miƙe sama. Ko da kifi ya haɗiye ta, idan igiya ta ɗame sai ta zamo daga maƙogwaro ba tare da ta kama komai ba, sai ta zo kusurwar baki sannan ta juya ta kafe. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma yana da wuya ga wanda ya saba da ƙugiya ta yau da kullum: ba a fizga. Idan ka fizga za ka zare ta daga bakin kifin gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne a naɗe igiya a hankali har nauyin kifin ya zauna a kan sanda. Nazarin Cooke da Suski na 2004 ya nuna cewa a dunƙule mutuwar kifi da ƙugiyar zobe ta kai kusan rabin ta ƙugiyar da aka saba, ko da yake sakamakon ya bambanta daga wani nau'in kifi zuwa wani. A gaɓar tekun Atlantika ta Amurka, tun 2021 doka ta wajabta ta ga masu kamun kifin bas mai zane da koto na gaske. Ka zaɓi wadda tsininta yake kan layi ɗaya da jikinta, domin wadda aka karkatar da tsininta gefe tana iya kamawa a ciki kamar kowace. Kuma ita ma ka danne kunnenta, saboda ƙugiyar zobe mai kunne takan yi wahalar cirewa, tunda sai an juyo ta ta bi lanƙwasarta kafin ta fito.

Idan kuwa an riga an haɗiye, ƙa'idata ita ce: in ina ganin lanƙwasar ƙugiyar, kuma filaya za ta kai gare ta ba tare da na tura da ƙarfi ba, marar kunne takan fito da juyi ɗaya, sai in cire. In ba na ganinta, ba na tono. Ina yanke igiyar kusa da baki in saki kifin da ƙugiyar a ciki. Wannan yana da nauyi a zuciya, amma hujja tana bayansa: a gwajin Mason da Hunt na 1967 kan tirawut da suka haɗiye ƙugiya, kusan biyu bisa uku na waɗanda aka bar musu ita sun rayu, alhali kusan tara cikin goma na waɗanda aka ciro musu sun mutu. Kifaye da yawa sukan fitar da ita da kansu daga baya, kuma marar kunne ta fi sauƙin fita. Saboda wannan dalili ne nake guje wa ƙugiyar ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ita takan daɗe a jiki. Amma kifin da jini yake kwarara daga gaɓoɓin numfashinsa, idan doka ta yarda a ɗauke shi, gara ka kashe shi nan take ka tafi da shi, ka lissafa shi cikin rabonka na ranar, da ka mayar da shi ya je ya mutu a ƙasan ruwa.

Zamewar tana kuwa ƙaramar matsala ce. Bayan ka soka ta, ka yanko ɗan guntun robar ɗauri, ka soka shi a tsinin ka tura shi har bayan tanar, zai tare ta. Akwai kuma ƙugiyoyin da aka yi wa ƙananan ƙayoyi a dogon jikinsu don riƙe koto. Waɗannan ba sa shiga naman kifi a yawancin lokuta, sai ka danne kunnen tsini ka bar su.

Dattijon Fatsa ya sake amsawa:

Malama, 'yata, na karɓi ƙididdigarki, kuma na amfana da ita. Abu ɗaya nake so a ajiye kusa da ita. Lissafin mutuwa yana ƙirga wanda ya mutu ne kawai cikin kwanakin da aka sa ido, ba ya ƙirga wanda ya rayu da yagaggen baki ko ido ɗaya. A ruwan da masu fatsa suka yi yawa, kifi ɗaya yana iya shiga hannu sau da dama a rayuwarsa, kuma raunin kowane kamu yana hawa kan na baya. Sannan waɗanda suka fi buƙatar marar kunne su ne sababbin hannu irin mai tambayarmu, domin gwani yana iya zare mai kunne cikin sauri, amma wanda bai saba ba shi ne yake daɗewa yana murɗawa, kuma binciken Alaska da kika ambata ya nuna cewa sababbi sun fi raunata kifi. Haka nan duk wanda yake amfani da koton ƙarya mai ƙugiyoyi masu baki uku, ya danne kunnuwansu duka ko ya musanya su da masu baki ɗaya, domin yayin da ake fama da baki ɗaya sauran sukan kama ido ko kumatu.

Don kada a ce na ɓoye abin da bai goyi bayana ba: a tafkunan Ingila na kamun kifin kap, wani babban kifin ruwan daɗi, masu wuraren sun rabu biyu. Wasu ba sa yarda da komai sai marar kunne, wasu kuma sun hana ta, suna cewa a doguwar kokawa da babban kifi takan yi ta motsi a cikin nama tana faɗaɗa ramin, don haka suka fi son mai ɗan mitsitsin kunne. Wannan magana ce ta kifi mai nauyi da doguwar kokawa, kuma maganinta a wurina shi ne a gajarta kokawar.

Ɗana, ka kuma duba dokar ruwan da za ka shiga kafin ka jefa igiya, domin a wasu wurare ba zaɓi ba ne. A lardin Manitoba na Kanada marar kunne ce doka a ko'ina, kuma suna karɓar wadda aka danne muddin kunnen ya kwanta sosai a jikin ƙugiyar. A lardin Biritish Kolombiya sai mai baki ɗaya marar kunne a dukkan koguna da rafuka. Gandun Yellowstone na Amurka ya wajabta ta tun 2006. Suwizalan kuwa ta bi wata hanya dabam, inda dokar kare dabbobi ta hana mai kunne sai a wasu keɓaɓɓun halaye, ta kuma hana fita fatsa da niyyar saki tun farko.

Akwai kuma jikinka da na wanda yake tsaye kusa da kai. Duk mai fatsa wata rana ƙugiya za ta shiga yatsansa, ko kunnensa, ko bayan wuyansa idan iska ta kaɗo igiya, kuma mafi munin yanayi shi ne baki ɗaya yana cikin hannunka, ɗayan yana bakin kifin da yake fizge-fizge. Marar kunne tana fita ta inda ta shiga, sai a wanke wurin da ruwa mai tsafta da sabulu, a tabbatar allurar tetanus ba ta tsufa ba. Mai kunne kuwa sau da yawa sai an tura tsinin ya ɓullo ta wani wuri an datse shi, ko a tafi asibiti. Idan kana fatsa da yara, ka danne kunnen kowace ƙugiya da ke cikin akwatin tun daga gida, ka sa musu tabarau da hula. In kuwa ƙugiya ta shiga ido ko fatar ido, ko da kunne ko babu, kada kowa ya taɓa ta: a yanke igiyar, a rufe idon da wani abu mai zurfi wanda ba zai danna ta ba, a nufi likita kai tsaye.